Littattafai Biyu a kan Gyaran Yaro Nakasasshe: Tsokaci a kan Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya da Littafin David Werner

Gabatarwa

Abin da ya sa na rubuta wannan takarda wata tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Masana lafiya sun haɗu a kan cewa yaron da ya nakasa, ko wanda ciwo ya zaunar masa a jiki, ba ya gyaruwa a hannun likita guda. Ana bukatar likitan yara da likitan ƙashi, da mai gashin ƙashi, da mai koya wa hannu aiki, da mai gyaran magana, da maƙerin takalmin ƙarfe, da malamin makaranta, da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Sharaɗin kuwa shi ne su zauna wuri ɗaya da iyayen yaron su tsai da buri guda, ba kowa ya ja gaɓar da ta shafe shi ya tafi ba. To, idan haka ne, ina makomar yaron da ke zaune a inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane?

Littattafai biyu sun yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya a shekarun 1980, kuma har yau mafi yawan abin da ake koya wa ma'aikatan karkara a kan nakasa daga gare su aka ɗebo shi, ko da masu koyarwar ba su sani ba. Na farko shi ne Disabled Village Children, watau yaran ƙauye nakasassu, wanda David Werner ya rubuta, Gidauniyar Hesperian ta buga a 1987. Na biyu shi ne jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna Training in the Community for People with Disabilities, wadda Einar Helander da Padmani Mendis da Gunnel Nelson da Ann Goerdt suka tsara, aka buga a 1989. Zan dubi yadda kowannensu ya yi da wannan taron ƙwararru da babu shi, sa'an nan in auna su da abin da aka sani yanzu. Magana ta a kan waɗannan bugu na farko take.

Inda suka fito

Dukansu biyu 'ya'yan taron Alma Ata ne na 1978, inda aka yi shelar cewa a kai kiwon lafiya matakin farko har ƙofar talaka. Helander, likita ne mutumin Suwidin, shi ke riƙe da sashen gyaran nakasa a Hukumar Lafiya ta Duniya tun shekarun 1970. Lissafin da ya yi mai sauƙi ne: in an ce sai an gina cibiyoyi irin na Turai an cika su da ƙwararru kafin a taɓa nakasassun ƙasashe matalauta, to za a shekara aru aru ba a kai ga rabinsu ba. Saboda haka ya ga a sauko da ilmin gyaran daga asibiti zuwa gida. An fara gwada zubin farko na jagorar tun 1979 a ƙasashe da dama, aka yi ta yi mata kwaskwarima har ta fito cikakkiya bayan shekara goma.

Littafin Werner kuwa daga wani ƙauye guda ya fito, Ajoya, a gindin duwatsun jihar Sinaloa ta ƙasar Meksiko. A can ne ya yi aikin lafiyar karkara tun shekarun 1960, aikin da ya haifi littafinsa da ya fi shahara, wanda ke koya wa mutanen ƙauye abin yi inda babu likita. A farkon shekarun 1980 wasu ma'aikatan lafiya na ƙauyen, waɗanda su kansu nakasassu ne, suka kafa wani shiri mai suna PROJIMO don gyaran yara. Shi ma Werner yana da wani ciwon jijiya na gado da ya raunana masa ƙafafu da hannuwa. Wannan bambanci na asali ya bi littattafan har cikin jininsu: ɗaya an rubuta shi daga ofis don duniya duka, ɗayan an rubuta shi daga rumfar aiki don maƙwabta, duniya ta ara.

Jagorar Hukuma: an daddatsa ƙwararre an ƙunshe

Dabarar Helander da abokan aikinsa ita ce su ɗauki aikin kowane ƙwararre su daddatsa shi ƙanana, su zuba a ƙunshin darussa talatin na iyali, su ƙara da jagorori huɗu: ta mai sa ido na unguwa, da ta kwamitin gari, da ta nakasassu, da ta malaman makaranta. Mai sa ido ya bi gida gida da 'yan tambayoyi ya gano mai nakasa, ya zaɓi ƙunshin da ya dace, ya koya wa wani a gidan, sa'an nan ya riƙa dawowa yana duba ci gaba.

Abu ɗaya da ya cancanci yabo ƙwarai shi ne yadda jagorar ta kasa nakasa. Ba ta bi sunayen cututtuka ba. Ta bi abin da mutum ya kasa yi: mai wahalar gani, mai wahalar ji da magana, mai wahalar motsi, wanda hannu ko ƙafarsa ba ta jin taɓi, mai faɗuwa, mai wahalar koyo, da wanda halinsa ya sauya. Ma'aikacin ƙauye ba ya bukatar sanin sunan ciwo da Latinanci kafin ya ga cewa yaro ɗan shekara uku bai iya zama ba. A nan jagorar ta riga zamaninta, gama sai a 2001 Hukumar ta fito da sabon ma'auninta na ayyukan jiki da nakasa da lafiya, wanda ya ɗora nauyi a kan abin da mutum ke iya yi a muhallinsa, aka kuma fitar da na yara da matasa a 2007. Shi Bahaushe ma haka ya kasa abin tun fil azal. Gurgu da makaho da kurma da bebe duk sunaye ne na abin da ya gagari mutum, babu wanda ya ambaci musabbabi a cikinsu.

Amma fa a wannan wurin yabon ne aibin ya ɓuya. Yara biyu suna iya faɗawa cikin ƙunshin masu wahalar motsi alhali abin da ke damunsu ya sha bamban. Wanda shan inna ya taɓa, ƙafarsa a sake take, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, kuma raunin ba zai ƙaru ba. Wanda ya sami rauni a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, tsokarsa a sandare take, sau da yawa ga wahalar haɗiya da farfaɗiya da matsalar gani a haɗe. Wanda tarin fuka ya ci wa ƙashin baya kuwa, abin da yake bukata da gaggawa magani ne na watanni, in aka tsaya yi masa atisaye sai ya shanye gaba ɗaya. Jagorar ta san da wannan, shi ya sa ta ce a riƙa tura masu wuyar al'amari gaba. Sai dai kalmar "gaba" ita ce rami mafi zurfi a duk tsarin. An gina shi a kan zaton akwai mataki na biyu da na uku masu jiran a turo musu, alhali rashinsu ne ya sa aka rubuta littafin.

Akwai kuma wani abu da ke ɓacewa idan aka daddatsa ƙwararre. Amfanin taron fannoni ba tarin ilminsu ne kaɗai ba, har da gardamar da ke tsakaninsu. Likitan ƙashi ya ce a yanka jijiyar dunduniya, mai gashi ya ce a dakata domin da wannan sandarewar yaron ke tsayuwa, malamin makaranta ya ce in aka kwantar da shi wata uku zai rasa jarrabawa. Daga wannan ja in ja ne shawara mai kyau ke fita. Ƙunshin darasi ba ya gardama da ɗan'uwansa. Mai sa ido da aka horar na 'yan makonni, in ya iske yaro mai nakasa uku, sai ya miƙa wa uwar ƙunshi uku, kuma babu wanda zai ce mata ga wanda za ta fara da shi, ga wanda za ta bari.

Littafin Werner: an tara ƙwararru a rumfa ɗaya

Werner ya bi wata hanya dabam. Littafinsa ƙato ne, ya haura shafi 600, da dubban zane zane, an kasa shi kashi uku: aiki da yaro da iyalinsa, aiki da jama'ar gari, da aiki a rumfar ƙira. Kashin farko ya bi cututtuka ɗaya bayan ɗaya, tun daga shan inna da raunin ƙwaƙwalwa da murɗaɗɗiyar ƙafa, har zuwa karyewar lakar baya da gyambon kwanciya da kuturta da ƙuna da makanta. Watau abin da jagorar Hukuma ta ɓoye wa ma'aikacin ƙauye don kada ta rikita shi, Werner ya shimfiɗa masa shi, ya amince zai gane.

A ganina wannan amincewa ita ce babbar daraja ta littafin. Bai ɗauki mai karatu a matsayin hannun da za a aika ba. Yana koya masa ya tambayi kansa ko takalmin ƙarfen da aka rubuta wa yaro zai ƙara masa tafiya ko zai rage, ko keken guragu zai yi amfani a ƙauyen da hanyoyinsa duk hawa da gangara ne, ko kuwa jaki ya fi. Ya nuna yadda ake ƙera takalmin tallafi da bokitin roba, da sandunan koyon tafiya da itacen daji, da wani ɗan mutum mutumi na kwali mai gaɓoɓi wanda iyali za su riƙa auna lanƙwasar gwiwa da shi su ga ko tana miƙewa. Ya kuma nace a kan cewa atisaye ya shiga cikin wasa da aikin gida, har ya zana filin wasa wanda yara masu lafiya da nakasassu za su gina tare su yi wasa tare. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yaro ke ƙin a ja masa ƙafa amma ya yini yana tura kwalba da ita, zai san marubucin ya zauna da yara.

Game da tambayarmu kuwa, amsar Werner ita ce a sake haɗa taron fannonin, amma da mutanen ƙauye. A PROJIMO wanda ya zo neman gyara yakan zauna ya koyi ƙira ko gashi ko jinyar gyambo, ya zama ma'aikaci. Mai duba yaro da mai ƙera masa takalmi suna rumfa ɗaya, uwar tana tsaye, yaron na gwadawa yana cewa nan ya matse ni. Gardamar da na ce ta ɓace a jagorar Hukuma, a nan tana nan da ranta. Har wa yau yaron yana ganin babba mai irin nakasarsa yana walda yana karɓar kuɗi, abin da babu darasin da zai maye gurbinsa.

Sai dai mai karatu ya lura da abin da ke bayan labule. PROJIMO ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai ba. Ƙwararrun masu gashi da maƙera daga waje suna zuwa su koyar su koma, ana kai yaran da ke bukatar tiyata asibitocin Amurka, kuma kuɗin tafiyar da shirin da yawansa daga masu taimako na ƙetare yake. Ajoya kwana ɗaya ko biyu ne a mota daga iyakar ƙasar da ta fi kowace arziki. Littafin bai ɓoye wannan ba, amma zane zanensa masu daɗin kallo suna sa mai karatu ya manta, ya ɗauka bokiti da guduma sun wadatar. Kuma cibiya ɗaya ce ga yanki mai faɗi, wanda ya iya zuwa ya samu, wanda bai iya ba ya rasa. Daga baya ma rikicin masu fataucin ƙwaya ya tilasta wa shirin barin Ajoya. Helander yana neman abin da gwamnati za ta iya shimfiɗawa a ƙasa duka ko da ya yi sirara. Werner ya nuna abu mai kauri wanda ba a cika iya maimaita shi ba sai an sami irin mutanen da suka kafa shi.

Abin da bincike ya tabbatar da abin da ya rushe

Zai zama rashin adalci a zargi littafin 1987 da rashin sanin abin da aka gano a 2017, amma tun da har yanzu ana koyarwa da shi, dole a faɗa. Littattafan biyu, musamman na Werner, sun ba da muhimmanci ga miƙar da gaɓoɓi da hannu kullum don hana su ƙagewa. A 2017 Lisa Harvey da abokan aikinta suka tattara gwaje gwaje 49 a kan wannan al'ada, suka iske cewa abin da miƙarwa ke ƙara wa motsin gaɓa bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, watau bai kai a ce an ga amfani ba. Gaskiya ne babu gwajin da ya wuce wata bakwai a cikinsu, saboda haka ba a rufe ƙofa a kan amfanin shekaru ba. Duk da haka, uwar da aka ce ta riƙa jan ƙafar ɗanta safe da yamma yana kuka, ta cancanci a gaya mata cewa hujjar wannan wahala ba ta da ƙarfi.

A ɗaya gefen kuma, nazarin da Iona Novak da abokan aikinta suka buga a 2013, suka sabunta a 2020, a kan hanyoyin gyaran yara masu raunin ƙwaƙwalwa, ya wanke marubutan a babbar magana. Daga cikin abubuwan da aka iske suna aiki akwai horon da ke bin wani buri takamaimai wanda yaro da iyayensa suka zaɓa, kamar riƙe kofi ko hawa dakali, da shirin atisaye na gida wanda iyaye ke gudanarwa, da ɗaure lafiyayyen hannu na ɗan lokaci don a tilasta wa mai raunin aiki. Watau abin da yaro ya yi da kansa yana so, shi ke gyara shi, abin da aka yi masa yana kwance kuwa amfaninsa kaɗan ne. Wannan shi ne ruhin filin wasan Werner. Amma a lura, shirin gidan da aka gwada aka ga yana aiki, mai ƙwararre ne a bayansa wanda ke tsara shi yana sake duba shi.

Yaron da littattafan suka hango da yaron da ke gabanmu

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Yaron da ke tsakiyar littafin Werner ɗan shan inna ne. Shi ne kuma yaron da ya cika titunan Kano da Zariya da Katsina, musamman bayan dakatar da rigakafi da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004. To, an ga ƙwayar shan inna ta daji karo na ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, aka kuma yi shelar nahiyar Afirka ta rabu da ita a watan Agusta na 2020. Waɗanda ta nakasa suna nan, sun girma, kuma suna bukatar kulawa har tsufa. Amma jaririn da za a kawo wa ma'aikacin gyara yau, galibi wani ne dabam: wanda ya daɗe bai yi kuka ba bayan doguwar naƙuda, ko wanda shawara ta hau masa kai a makon farko, ko wanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ko ɗaya daga cikin yaran Zamfara da suka tsira daga gubar dalma ta 2010.

Ɗan shan inna maƙeri ya fi bukata. A ba shi takalmi da sanda ko keke, a buɗe masa ƙofar makaranta, sauran shi zai yi wa kansa. Guragun Kano da ke ƙera kekuna masu ƙafa uku shaida ne. Mai raunin ƙwaƙwalwa kuwa shi ne ainihin wanda ke bukatar taron fannoni, gama abincinsa da zamansa da maganarsa da farfaɗiyarsa duk a sarƙe suke. In ba a gyara masa zama ba ba zai haɗiya daidai ba, in bai haɗiya daidai ba kunu zai riƙa shiga huhunsa, ga tamowa, kuma yaron da ke fama da tamowa da ciwon huhu ba shi da ƙarfin koyon komi. Werner ya ba wannan yaro babi mai kyau, har da zanen yadda za a riƙe shi a ba shi abinci. Amma shirye shiryen da aka gina a kan littattafan nan sun fi ɗaukar darasin takalmi da keke, domin shi ke da sauƙin ƙirgawa a rahoto, shi ake iya rabawa a gaban manyan baƙi.

Na taɓa raka wata 'yar'uwa da ɗanta ɗan shekara huɗu wani babban asibiti. Duk fannonin da na lissafa a farkon takardar nan akwai mafi yawansu a wurin. Amma ranar likitan yara dabam, ranar gashi dabam, ranar ƙashi dabam, kowane da katinsa da layinsa, kuma babu wanda ya karanta abin da ɗayan ya rubuta. Ita ce ke ɗaukar saƙo daga wannan ɗaki zuwa wancan da baki, ga yaro a baya wanda ya yi nauyin da bai kamata a goya shi ba. A wata guda ta yi zuwa biyar daga garinsu, a na shida ta ce kuɗin mota ya ƙare. Wannan ya nuna mini cewa tara ƙwararru a gini ɗaya bai sa sun zama taro ba, kuma rumfar Ajoya da ba ta da likita ko ɗaya ta fi wannan asibiti kusa da abin da ake nufi da haɗin gwiwar fannoni.

Wa ke ɗauke da kayan

Littattafan biyu suna yawan cewa iyali da jama'a. In aka tone kalmomin nan, mace ɗaya za a tarar a ƙasa. Jagorar Hukuma ta ce a zaɓi wani a gidan a horar da shi, ba ta tsaya ta lissafa sa'o'in da aikin zai ci ba, ko ta tambayi abin da za a bari don a yi shi. A gidan Bahaushe wannan mutum uwa ce mai daka da girki da goyo da 'yar sana'arta ta cikin gida, wadda sau da yawa ba ta fita asibiti sai da izni da kuɗin maigida. In ta gaza, sai kaka ta karɓa, ko a ɗora wa yayar yaron 'yar shekara tara, wadda da wannan ne karatunta zai tsaya. Ke nan an gyara yaro ɗaya da makomar ɗaya. Werner ya fi tausayin uwar, domin ya ce a mai da atisaye wasa kuma a jawo sauran yara ciki, amma shi ma bai auna nauyin ba. Sababbin jagororin da Hukumar ta fitar a 2010 sun faɗaɗa aikin zuwa fage biyar, lafiya da ilmi da abin yi da zaman jama'a da ƙarfafa nakasassu su yi magana da bakinsu, wanda ci gaba ne, sai dai sun ƙara wa ma'aikacin sa kai kaya ba tare da sun ce ga mai biyansa ba.

Ciwon da ke tafiya yana dawowa

Akwai giɓi ɗaya da littattafan suka yi tarayya a kansa. Dukansu sun fi sanin nakasar da ta auku ta tsaya, wadda ake hawa daga gare ta mataki mataki. Ba su da abin faɗa mai yawa ga yaron da yau yana aji, gobe yana gadon asibiti. Littafin Werner ba shi da babi na musamman a kan amosanin jini, kuma ba abin mamaki ba ne ga littafin da aka rubuta a duwatsun Meksiko. Amma a Nijeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo kowace shekara, giɓin babba ne. Ciwon na kawo shanyewar ɓarin jiki tun yaro bai kai goma ba, yana cinye kan ƙashin cinya, yana buɗe gyambo a idon sawu, yana kuma yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna a ɓoye wadda ba a gani sai a sakamakon jarrabawa. Binciken da aka gudanar a asibitocin Kano da Kaduna, aka buga a 2022, ya nuna ana iya gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewa ta hanyar awon gudun jini a jijiyoyin kai, a kuma kare su da maganin haidiroksiyuriya ko da a ƙaramin awo. Wanda ya riga ya shanye kuwa, gyaransa ba ya yiwuwa sai likitan jini da mai gashi da malamin aji suna magana da juna, domin atisayen da ya wuce kima yana iya tayar da ciwon, malamin da bai sani ba kuma zai ɗauki mantuwar yaron a matsayin lalaci ya sa bulala. Babu ƙunshin darasi ko bokitin roba da zai maye gurbin wannan magana.

In za a mayar da su Hausa

Duk wanda zai ɗauki ɗayan littattafan nan ya yi aiki da shi a ƙasar Hausa zai iske cewa wurin ba fili ba ne. Kafin ma'aikacin gyara ya iso, maɗori ya riga ya taɓa ƙafar, ungozoma ta ga haihuwar, an je wurin malam, wataƙila an je wurin mai magani saboda sunan ciwon kansa yana nuni da Inna. Jagorar Hukuma ta ce a kafa kwamitin gari, kamar ba ta san akwai garuruwan da suka daɗe da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare ba, masu fada a ji a cikin jama'arsu fiye da duk kwamitin da za a naɗa. Ana iya sukar waɗannan sarautu da cewa sun ginu a kan bara, kuma akwai gaskiya a sukar. Amma su ne mafi kusa da abin da Werner ya gani a Ajoya, watau nakasassu na tafiyar da al'amarin nakasassu. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine ginen jama'a yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma kowa yana iya zuwa makarantar firamaren unguwarsu ya ƙirga matakalar da ke ƙofar aji.

Ra'ayina shi ne, in za a zaɓi ɗaya a fassara, na Werner za a ɗauka, saboda yana koya wa mai karatu tunani, kuma mai tunani yana iya gyara littafi inda ya tsufa. Amma sai an rage babin shan inna an faɗaɗa na raunin ƙwaƙwalwa, an sassauta maganar miƙar da gaɓa, an rubuta sabon babi a kan amosanin jini daga tushe. Zane zanen ma sai an sake su, gama yaron littafin a kan kujera da tebur yake cin abinci, namu kuwa a kan tabarma, a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, da hannun dama. In kuwa hannun daman ne ya shanye, to akwai shawarar da mai fassara zai yanke wadda ba ta taɓa zuwa wa Werner a rai ba.